Tulun Iri da Gonaki Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Bawa ɗan Abdulmumini, wanda mutanen Bakura suka fi sani da Bawa Gajere. Ina faɗa Liman yana rubutawa, a gaban shaidu, cikin watan Sha'aban na 1988, bayan an gama yankan alkama. Ƙafafuna sun ƙi ni, numfashi ma sai da lallashi, amma hankalina yana nan daram, har ya fi da son bin diddigi. Wasiyyar nan zuwa ga matata Hindu ce, da 'ya'yana uku: Falalu, da Sallau, da ƙanwarsu Lantana.

Na ɗaya. In Allah ya karɓi abinsa, a gaggauta kai ni makwancina, kada a jira kowa. Babu mai bina kuɗi, wanda nake bi kuma na yafe. Shanuna suna rugar Manu, Bafulatanin da ya riƙe mini amana tun yana saurayi. A bar masa jar karsanar nan daga cikin sulusina, sauran a haɗa da gida da rumbuna a raba yadda Allah ya hukunta. Ban isa in ƙara wa magaji ko in rage masa ba, kuma ban nema ba.

Na biyu. Rediyona a kai shi majalisar gindin tsamiya ya zama na kowa, can ya fi amfani. Da shi muka yi shekaru muna gardama ni da tsofaffin nan a kan abin da ba wanda ya tambaye mu: ko gwamnati ta ci bashin ƙasar waje ko kar ta ci, ko a janye rangwamen taki, ko kuɗin fetur da aka narka a dam ɗin Bakolori riba ne ko hasara. Masu gona a bakin kanal, wato hanyar ruwan simintin nan, su ce riba. Waɗanda ruwa ya ci gidajensu a Maradun, da waɗanda suka binne 'yan uwa shekarar da manoma suka tare hanya kan maganar diyya aka buɗe musu wuta, su ce hasara, kuma ba mai iya kallon idonsu ya musa. Ni kuwa sai in koma gida da tawa tambayar: me ke sa abu ya yi daraja yau, gobe darajar ta tashi ta koma kan wani?

Tun ina yaro nake ɗauke da ita. Babana ya ce a zamaninsa sai an labta wa jaki wuri, kuɗin wancan lokaci, kafin a je cinikin doki. Ni da na tashi, da wurin nan muke wasa a ƙofar gida, mata na adon ƙwarya da shi, ba mai tsawatarwa. Wurin bai canza ba, mutane ne suka wayi gari suka daina yarda da shi. Sai anini mai huda da muke zargawa a igiya, sai sule da fam, sai naira. Shekarun baya da aka canza launin takardun kuɗi, na ga dattawa a layin banki a Talata Mafara rungume da kuɗi mai warin ƙasa, wanda bai kai ga taga ba kafin wa'adi ya koma gida da takardar hura wuta. Yanzu kuma rediyo ya ce an karya darajar naira. Na bi kowa da tambaya, wa ya karya ta, da me, a ina. Har malamin gona na tsare, ya yi mini bayani mai tsawo, na yi masa godiya, na taho ban gane ba. Na ɗauka dai ƙasa ce kaɗai ba a yi wa haka. Ashe ita ma ana yi mata.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sakewa. Gonaki biyun da na ba ku kyauta tun kafin a fara aikin dam, Falalu da Sallau, ba sa cikin gado, kowa tasa tasa ce. Falalu, kai ne babba kuma iyalinka sun fi yawa, na ba ka fadamar bakin gulbi. A lokacin ba ta da na biyu. Kowace damina gulbi ya cika ya malalo ya kwanta a kanta, ya janye ya bar laka baƙa ƙirin, a ci shinkafa a biyo da albasa, yara su kamo kifi a cikin gona. Sallau, kai na ba ka tudun nan mai yashi, wanda gero ma sai ya ga dama. Ka karɓa ka yi godiya, amma na ga fuskarka, uwarka kuma ta gaya mini sauran.

Sai masu aikin dam suka zo. Shekarun da katafila ke baje tudunka ba ka shuka ko ƙwaya ba, Sallau, daga rumbun wanka gidanka ya ci. Daga nan aka datse gulbi, cikowa ta daina zuwa, fadamar Falalu ta bushe ta tsattsage. Da yake ba a taɓa gonar ba, ruwan kawai aka ɗauke, ba wanda ya zo masa da maganar diyya. Na ga an yi wa ɗorawa kuɗi, an yi wa mangwaro, an yi wa bango, amma ban ji an yi wa cikowa ba, kuma har yau ina son in san da wane mudu za a auna ta. Kanal kuwa ya bi ta gefen tudun Sallau. Da fari alkamar ma ba ta da kasuwa, fulawar waje ta fi ta araha. Bara aka hana shigo da ta waje, farashi ya yi tashin gwauron zabi, Sallau ya yi rufin kwano, ya sayi babur da injin ban ruwa. Falalu kuwa ya koma tafiya ci-rani.

Tun sunan da aka yi gidan Sallau bara ba ku ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Falalu na cewa ƙane ya manta rumbun da ya ci. Sallau na cewa lokacin da fadama ke fadama ba wanda ya ce masa zo ga rabi. Ku duka kuna da gaskiya, kuma gaskiyar taku ba ta ƙosar da kowa ba. Ku kan shigo duba ni kowa da lokacinsa don kada ku haɗu a zaure, kuna zaton ban lura ba. Abin yana ci mini rai fiye da ciwon nan.

Na huɗu. Falalu, na san maganarka da attajirin nan na Gusau. Na san kunyata ce ta hana ka, jira kake a rufe ni ka sayar masa da fadama ka kwashe iyali ka yi kudu. Taka ce, shari'a ba ta ba ni ikon hana ka ba. Amma ni abin ya ɗaure mini kai: me mutumin da bai taɓa faɗuwa a ciniki ba zai yi da busasshiyar ƙasa? Kafin ƙafafun nan su gama ƙina na hau jaki na je na leƙa rijiyata da ke kwarin fadamar. Tsakiyar bazara, ruwa bai kai zurfin mutum biyu ba. Gulbi bai tafi ba, ƙasa ya shige. Na kuma ji ana maganar bututun da ake kafawa a fadama a ja ruwa da ƙaramin inji. In ni da ke kwance na ji, attajiri ya riga ni ji.

Kai ma Sallau, kada rufin kwano ya ruɗe ka. Na ga ciyawa ta fara cin kanal, kayan gyara sun yi tsada tun da naira ta faɗi. Dokar da ta hana alkamar waje kuwa baki ne ya faɗe ta, baki na iya janye ta. Ban ce na san gaba ba. Sau ɗaya a rayuwata na tabbatar na san gonar da ta fi, gulbi ya ƙaryata ni a gaban 'ya'yana.

Na biyar. A ɗakin Hindu akwai tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin jar shinkafa ne a ciki, gauraye da toka don ƙwari. A gidanmu Mai-bin-ruwa muke ce mata, don ruwa na hawa tana hawa, kanta kullum a sama. Daga hannun uwata na karɓe ta, ita ma daga hannun tata. Yau ba mai nemanta a kasuwa, fara ake so, in masu rabon gado suka yi mata kuɗi ba za ta sayi kaza ba. Amma iri ba kuɗin wuri ba ne da za a binne a dawo a tarar, in ya daɗe a tulu mutuwa yake yi. Shi ya sa tun da cikowa ta ɗauke, kowace damina nake shuka ta a kwarin nan na fadamar Falalu, wuri kamar shimfiɗar 'yan tabarmi, in ruwan sama ya ɗauke da wuri in bi ta da guga har ta nuna. Ba don ci ba, don ta rayu. Ban yarda gulbi ya gama magana ba. Ranar da ruwa ya dawo, ko aka sako shi da yawa, ita za ta tsaya inda fara ta nutse. Bana dai ba ni zan ja guga ba.

Na ba Lantana tulun hannu da hannu a gaban Liman, ta mayar da shi ɗakin uwarta ta ajiye. Ba ta da gona, ba ta da inji, amma tun tana goye babu ɗayanku da ya iya ce mata a'a, bakin uwarta kuma ta gada kaf. Shinkafar nan ba ta fitowa a yashin Sallau, ba ta nuna a lakar Falalu sai da ruwa. Don haka ƙasa ta Falalu, inji da mai na Sallau, iri na Lantana. In an girbe a fara cika tulu a liƙe, abin da ya rage a dafa a gidan uwarku ku ci a tire ɗaya. In Falalu ya sayar, iri ya rasa gida. In Sallau ya hana inji, ta bushe a tsaye. Damina ɗaya kuna iya yin gaba da juna tulu ya yi muku haƙuri, in kuka ƙara sai Lantana ta buɗe ta tarar da toka da matacciyar ƙwaya, abin da ya tsallake fari da yunwa a hannun kakanninku ya ƙare a naku. Na san kun gane tarko ne. Tarko ne. Tsoho marar ƙafa da me zai kama manya biyu?

Ku riƙe uwarku, kada ta nemi abu a bakinta kafin ku kawo. Ku riƙe salla. 'Ya'yanku su taso suna shiga gidajen juna ba tare da an aike su ba. Abin da na yi muku wanda bai yi daɗi ba ku yafe mini, ni na yafe muku duniya da lahira.

Ba na jin tsoron tafiyar nan, alhamdu lillahi. Abin da nake jin takaici shi ne zan tashi ana tsakiyar gardama, ban ga inda daraja za ta sauka nan gaba ba, tudu ko fadama, naira ko hatsi. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku tsawon rai, ya sada mu a gidan rahama. Wanda ya riga biyo ni a cikinku ya taho mini da labari, don tambayoyina suna da yawa. Amma ta farko a kan tulu ce. In ya ce mini a cike ya baro shi, na san sauran.