Akwatuna Goma Sha Biyu a Motar Asibiti

Daga ɗakin canza kaya na asibiti, ranar Asabar

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da sojojin da ke ƙarƙashinka. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da zuciyar ja mata tsawo. Tunda aka yanke layin waya ba ni da hanyar samunka sai ta hannun direban motar abincinku, saboda haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta.

An kama mai gidana. Jiya ya ɗauki motar asibiti ya nufi gada kamar yadda ya saba wata tara, zai ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan ƙetare. 'Yan tawayen da ke tsare da shingen, mutanen da tuni suka daina ko leƙa motar, suka fasa gilashi da gindin bindiga, suka finciko shi suka kwantar a kan kwalta. Ungozomar da ke tare da shi ita ma suka haɗa da ita.

Yau da safe masu shiga tsakani suka zo, mutanen nan da ke kai saƙo tsakaninku da su. A gaban babban likita suka faɗa: ranar Talata motarmu ta ƙetare gada ɗauke da akwatunan harsashi, ta kai wa sojojinku da aka yi wa ƙawanya a gidan ruwa.

Ranar Talata mai gidana, yayanka Dogo, yana kwance da zazzaɓi. Ranar Talata kai ne ka shigo ɗakin nan da nake zaune, hularka a hannu, ka ce min kana da mutum shida da suka ji rauni, jini na zuba, motarku kuwa ba za ta wuce shinge ba. Na buɗe durowa na miƙa maka makulli. Har farar rigarsa da takunkumi na ɗauko wa direbanka, ina cewa Allah Ya kiyaye hanya.

Abin da ya fi cina kuwa, ni da bakina na koya maka yadda ake wucewa. Kana cin abinci a gidana ina ta zuba kamar rediyo, wai ina alfahari da mijina: ya kunna fitilu da rana tsaka, ya sauke gilasai, ya danna hon sau uku, ya miƙo hannun hagu waje, su kuma su ɗage masa ƙarfe. Kana ta gyaɗa kai kana ƙara miya. Ashe darasi kake ɗauka!

Ka watsa min ƙasa a ido, Auta. Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, ni na wanke maka kashi, kuma ni ka zaɓa ka mayar sakarya.

Ga abin da ake ciki. Sun ce nan da kwana goma za su yanke masa hukunci a matsayin mai safarar makamai, kai ma ka san abin da suke nufi da hukunci. Masu shiga tsakani sun ce abu ɗaya ne zai iya ceto shi: takarda daga hafsan da ya ɗauki motar, da sunansa da muƙaminsa da sa hannunsa, cewa direban asibiti ba ya ciki kuma ba da saninsa aka yi ba. Ka rubuta. Ba roƙonka nake yi ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Daga bariki, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina yi miki jaje, ina kuma gaida 'ya'yana biyu. Allah Ya dawo mana da Yaya Dogo lafiya.

Ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba. Ni na yi. Akwati goma sha biyu ne, mun jera su a ƙasa muka ɗora gadon marasa lafiya a kai, muka rufa da bargo.

Amma ki saurare ni, Yaya. Mutum arba'in da ɗaya ne a gidan ruwan. Kwana tara a tsare, harsashi ya rage wa kowa uku ko huɗu. Sajen da ke jagorantarsu ya kira ni ta oba-oba ya ce, “Oga, in ba wani abu zai zo ba, ka gaya wa matata ta yafe min.” Na nemi jirgi aka ce babu. Na nemi motar sulke aka ce ba za ta kai rabin gada ba. Mota ɗaya ce tak a garin nan take ƙetarewa. Yau mutanen nan suna raye, kowannensu da uwarsa da 'ya'yansa. Da kin ga fuskokinsu da ba ki kira ni maci amana ba.

Kuma su waye za su yi mana maganar doka? Waɗanda suka yi wa kasuwa ruwan wuta? Dokar yaƙin da ake cewa na taka, ita ce ta hana su taɓa ma'aikacin lafiya, ita ce ta hana su kashe mutum ba tare da shari'a ta gaskiya ba. Su ne suka kama shi, ba ni ba.

Game da takarda: na kai maganar gaban Kanar. Ya rufe ƙofa ya ce min a wurin rundunarmu wannan abu bai faru ba, duk wanda ya sa hannu a kan cewa ya faru ya saya wa kansa kotun soja. Shekara goma sha huɗu na yi ina wannan aiki, Yaya. Za su cire min anini, wataƙila su ɗaure ni, kuma 'yan tawaye za su karanta takardar a rediyonsu safe da yamma.

Ki ba ni lokaci. Akwai maganar musayar fursunoni, ina ƙoƙarin cusa sunansa a ciki.

Ki yi haƙuri, ki sa ni a addu'a.
Ƙaninki, Auta

*

Daga asibiti, ranar Laraba

Auta,

Sallama a gare ka. 'Ya'yan da kake gaisarwa sun ji. Ƙaramar ta daina zuwa makaranta, tana zaune a bakin ƙofa tana jiran ƙarar motar babanta.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun a tsaye saboda zama ya gagare ni. Wai in ba ka lokaci! Lokacin na gidanku ne? Na tambayi masu shiga tsakani zancen musayar nan, suka ce wata huɗu ke nan ana jan ta ko jerin sunaye ba a gama ba. Saura kwana shida, kai kuma kana can kana lallaɓa aninin kafaɗa.

Ban ce sajenka ya mutu ba. Ni da nake ɗinke sojoji kullum, ba sai ka koya min darajar ransu ba. Kuma e, waɗancan azzalumai ne, kama ma'aikacin lafiya laifi ne, na sani. To sai me? Da can ba azzalumai ba ne? Amma wata tara suna ɗage masa ƙarfe. Kana tsammanin jan fentin alamar agaji da ke jikin motar ne yake tare harsashi? Fenti ne kawai, gwangwani ɗaya ya isa. Abin da ya tare harsashi shi ne da farko sau talatin da wani abu suna zazzage motar nan, har ƙarƙashin kujera, ba su taɓa samun ko wuƙar yanka albasa ba. Sojanku ya ɗauko, nasu ma ya ɗauko, duk a gado ɗaya. Wannan yardar ka ɗauka ka kashe a safiya guda, kuma ba taka ba ce.

Kai da kake tsayawa gaban sababbin sojoji da alli a hannu kana koya musu cewa haramun ne a fake da alamar agaji! Ni na goge maka kakin da ka sa ranar da ka fara koyarwar. Tir.

Ka ƙirga arba'in da ɗaya, bari ni ma in ƙirga maka. A ƙetare akwai mata masu ciki goma sha tara da ke cikin littafinmu, uku aiki za a yi musu. Akwai tsohon telan da muke kai wa allurar ciwon suga duk Juma'a. Jiya aka aiko cewa ya rasu. Shi bai da oba-oban da zai kira ka.

Sun sako ungozoma jiya, ƙafa ba takalmi. Ta zo da 'yar takarda a cikin ɗankwalinta. Ga ta na kwafe maka, ban rage ko harafi ba.

“Sista, ina gaisuwa, ina gaida 'yan matana. Ina lafiya, sai dai abincinsu ya sa na gane ashe naki ba laifi. Kada ki yi kuka a gaban yara. Akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar Laraba da na tashi daga zazzaɓi na je wanke mota, na ga bayanta ya zauna, sifirin na hagu ya kwanta, ga sawun jan akwati a daɓen ciki. Mutum shida ba sa yi wa mota haka. Na gane. Na yi shiru don na san wa kika ba makulli, kuma na san yadda kike ji da shi. Na so in ƙi fita ranar Juma'a, sai na tuna matar nan mai tagwaye da muka yi wa alkawari. Kullum suna tambayata sunan hafsan da ya ɗauki motar. Na ce ban sani ba. Sun san gidanmu, in na faɗa ba zai ƙara taka ƙofarki lafiya ba. Ki gaya masa kada ya damu, ba zan faɗa ba. In abin ya zo da ƙarar kwana, ki yafe min faɗan da na yi miki a kan labule. Naki, Dogo.”

Ungozoma ta ce da hannun hagu ya rubuta. Na tambaye ta me ya sami na daman, ta sunkuyar da kai.

Ka ji. Direba, wanda ko aji shida bai gama ba, ana dukansa yana rufa maka asiri. Kai mai littafin doka kana ɓoye a bayan Kanar. Wallahi tallahi, Auta, in aka dawo min da gawarsa kada ka zo gaisuwa. In ka zo, a gaban jama'a zan faɗi abin da ka yi.

Allah Ya sa ka ji.
Matar direban

*

Daga bariki, ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba.

Kwana biyu takardar Yaya Dogo tana aljihuna. Na yi fushi da ke, na yi fushi da shi ma, don da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Har yanzu ban san ko ya kamata in bar mutanen gidan ruwa su mutu ba. Amma ba wannan ake tambayata ba yanzu.

Jiya na rubuta. Na sa rana da lokaci, yawan akwatuna, da cewa ni kaɗai na ba da umarni, na yaudari babbar ma'aikaciyar jinya na karɓi makulli, direban asibiti kuwa yana gida ba shi da lafiya. Na kai wa Kanar. Ya karanta ya ce, “Kyaftin, ka haukace ne?” Ya jefa ta durowa ya murza makulli. Na ƙame na sara masa, na ce wannan kwafinsa ne, ta ainihin tana hannun masu shiga tsakani tun ƙarfe tara. Ban taɓa ganin mutum ya canza kama irin haka ba.

Sun karɓi bel ɗina da bindigata. Ina ɗakin tsaro yanzu, kofur ɗin da ke gadina ne ya ara min biro. Wasu daga cikin waɗanda na kai wa harsashin sun daina amsa gaisuwata, sun ce na sayar da runduna.

Ban sani ba ko takardar za ta isa a kan lokaci, ko za su yarda da ita. In kin ji wani abu, don Allah ki aiko, ko layi ɗaya ne.

Ki gafarce ni.
Auta

*

Daga gida, ranar Laraba

Auta,

Wa'alaikumus salam.

Ya dawo jiya da hantsi. A ƙafa ya ƙetaro gada, motar sun riƙe ta, sun kuma ce babu wata mai jan tambari da za ta sake wucewa. Likita ya duba hannun. Yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, tuƙi ya ƙare. Matar mai tagwaye ta haihu a can ranar Lahadi, ɗaya ya rayu, ita ba ta tashi ba.

Ya ce in gaya maka ya gode, kuma ya yafe. Na isar da saƙonsa. Nawa kada ka tambaye ni tukuna.

Na ba direban abinci riguna biyu da sabulu da maganin ciwon cikinka, ka riƙa sha kafin ka ci wani abu.

An kawo min sammaci daga kotun soja, ranar Litinin zan ba da shaida. Zan zo. Duk abin da aka tambaye ni zan faɗa yadda ya faru, ba zan rage maka komai ba. In na shigo, kada ka kalle ni.

Allah Ya tsare ka.
Yayarka