Gawar da Ba Ta Sha Ruwa Ba

Kamazou, Yuni 1999

Ya Celina, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, inuwata a tsakiyar rana, sanyin idona,

Tun ranar da kika bar jami'a kika koma liƙa takarda a jikin kwalabe a masana'anta a Kudenda, abinci ya daina yi mini daɗi. Hannun nan mai laushi kamar sabon ganye, wanda ya shekara biyar yana kwafe rahotannin likitocin zamanin Turawa a kan gawawwaki, shi ne yau yake warin gam? Shi kuwa Farfesa Jethro, mai duba aikinki, ya kwashe wahalarki ya buga littafi da sunansa, yana yawo yana hura hanci!

Kin tuna yammacin nan a Makera, muna cin gasasshiyar masara, kakanki Baba Sylvanus yana ba mu labarin wani lebura da aka tsamo gawarsa daga kogi a zamanin Turawa? Baba ne ya riƙe wa likita tiren kayan aiki a mutuware, ɗakin ajiye gawa. Aka buɗe huhu, babu ruwa: an kashe mutumin kafin a jefa shi. Kina rubutu, ina kallon wuyanki, har masarata ta huce ban sani ba.

Wannan ma Farfesa ya sace. Amma ya ga ƙasƙanci ne ya ce daga bakin tsohon ma'aikacin mutuware ya fito, sai ya ƙirƙiro lambar fayil, ya ce a ciki ya samo labarin. Ni kuwa shekara tara nake tsaron ɗakin adana takardu, na san babu wannan fayil.

Fasto ya ce in yafe. Ban yafe ba, masoyiyata, ba kuma zan yafe ba. Mulkin sojan da Farfesa yake laɓewa a bayansa ya ƙare, sojoji sun koma bariki. Ranar Alhamis zai gabatar da littafin a bainar jama'a, zan miƙe in ce ya nuna mana fayil ɗin. Ina so in ga gumi yana jiƙa kwalarsa. In za su kore ni daga aiki, su kora, muddin sunanki ya dawo kan aikinki.

Ki zo, tauraruwata. Ki zo da littafinki na rubutun hannu. Ki zo da Baba, ki zaunar da shi a layin gaba, domin Farfesa ya rubuta cewa duk shaidun lamarin sun mutu.

Naki ke kaɗai, har kogin Kaduna ya ƙafe,
Benson