Sauran Ruwan Buta

Hayyin Ashir, Alƙahira
Maris, 2013

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya ƙanena Habibu?

Inna, na gaji da ɓoye miki. Maigidana Malam ba shi da lafiya, waswasi ne. Kin tuna a Gumel kina tsokanarsa, wai yana alwala kamar ana korarsa, buta ɗaya ta ishe su shi da Habibu? Yanzu sai ya fara alwalar azahar a kira la'asar yana bakin famfo, hannuwansa duk sun tsattsage. Rabonsa da jam'i shekara biyu, mutumin da a da shi ke azalzalata mu fita masallaci a unguwar Darrasa da wuri. An yi ruƙiyya, an sha magunguna, shiru.

Wata likita 'yar Sudan, Dakta Mahasin, ta ce saura abu ɗaya, a sa masa siririyar waya a ƙwaƙwalwa da ɗan batir a ƙirji. Sun ɗauki hoton kansa don su gano ko zai yi masa aiki. Kin san bakina, na tsare ta da tambaya. Ta ce hoton hasashe ne kawai, wasu su samu sauƙi, wasu ko gezau. Ya yi istihara ya amince. Tsoro nake ji, Inna, kewar mijina na da nake yi. A sa mu a addu'a.

'Yarki,
Asama'u

Janairu, 2014

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin?

An yi aikin. Wata bakwai muna zaryar asibiti, ana ƙara wutar batirin ana ragewa, har na fid da rai. Rannan likitar ta ce famfo ba ya ƙarewa, gara in riƙa ba shi ruwan alwala a abin da ke da iyaka. Sai na ciro shuɗiyar butar da kika cusa min a akwati, ina ƙunƙuni wai wa ke zuwa Masar da buta.

Da farko sau shida yake cika ta. Jiya Juma'a sau ɗaya ya cika, ya fita ya samu sahu. Bai warke sarai ba, likitar ma ba ta yi alkawari ba. Amma da na ɗaga butar, sai na ji sauran ruwa a ciki. Na zauna a ƙasa na yi kuka na ƙoshi, sannan na zuba wa na'ana'ata ta bakin taga.

Allah ya bar mana ke. A gaida Habibu.

'Yarki,
Asama'u