Ƙahon Hagu na Ɗan Goshi

Litinin, 25 ga Yuni, 2018

Yau na fara bin Yaya Rakiya makaranta. Ta ce tunda na gama jarrabawa, gara in taya ta riƙon 'yan aji ɗaya da in wuni kwance da littafi a fuska. Yara arba'in da biyu, alli ya ƙare tun kafin azumi, don haka take koyar da su da hannu. Damina ce, yumɓu za a yi. Mun ɗebo shi can saman rafi, ta hana a taɓa na tafkin da ake wanke zinari saboda dalma.

Sun murza ƙwallaye suna ƙirgawa, ɗaya zuwa goma, sannan suka lanƙwasa haruffa. Ta ce in faɗa masu su yi shiru. Na faɗa. Ko na bencin gaba bai ji ni ba.

Halilu ɗan Baba Namadi ya wuce ta bayan taga da galma a kafaɗa. Bai dubo ba. A littafin soyayyar da ƙawata Hamida ta ara mini, a nan ne idanu ke haɗuwa.

Alhamis, 28 ga Yuni

Ɓarayin shanu sun zo gonar Baba Namadi da hantsi, babura uku. Muna aji muka ji harbi, Yaya ta kwantar da yara ƙasa cikin laka. Sun harbe mai riƙe masa garma, sun sare Baba Namadi a hannu don ya ƙi sakin igiya, suka kora shanun huɗarsa biyu. An wuce da shi asibitin Anka, a amalanke har bakin titi, jini na ɗiga kan hanyar makaranta. Yara sun yi ta tsallake shi da aka tashi.

Halilu bai yi kuka ba, in ji Inna. Da la'asar ya tafi wajen Makau, shugaban 'yan sa-kai.

Asabar, 30 ga Yuni

An yanke hannun.

Litinin, 2 ga Yuli

Yaya ta ce yau kowa ya gina dabbar da ya fi so. Awaki masu ƙafa uku, kaji kamar tulu. Sai Kumbo, 'yar Juli Bafulatani na rugar bayan rafi, ita kaɗai ke zuwa daga can, shekararta bakwai, ba ta cika magana ba kamar ni. Ta zauna gefe ta gina sa. Tozo, ƙaho biyu dogaye, tsaga biyu a kunnen dama. Ta shafe shi da farar ƙasa, ta goga gawayi a goshi.

Na ce na wa ne? Ta ce Ɗan Goshi ne, na Baba Namadi. Kowane rani babanta ake ba shi kiwo, sai ruwa ya sauka ya maido shi. Ita ke ba shi kanwa a tafin hannu. Ta ce tun da babanta ya ji an sace shi bai ci tuwon kirki ba.

Yaya ta ɗora shi kan taga ya sha iska, ta ce duk aji a tafa mata. Kumbo ta rufe fuska da hannu.

Wani tunani ya zo mini. Ba zan rubuta ba.

Talata, 3 ga Yuli

Na yi, kuma ban san ko daidai na yi ba.

Da aka tashi na ɗauke san na sa cikin hijabi. Na ce in na ba Halilu zai ji sanyi, zai san akwai mai tuna shi. Har na shirya abin da zan faɗa, layi uku. A bakin rijiya na tuntsure, na dafe ƙirji, na ji ƙas. Ƙahon hagu ya karye daga tsakiya. Kunya ta kama ni in kai masa abu karyayye, sai na sa yawu na murje wurin har ya yi sumul, na shafa farar ƙasar jikinsa a kai. Guntun na ƙulle a bakin zane.

Yana zaune gindin itacen bedi ƙofar gidansu yana wasa adda. Na miƙa masa. Layi ukun nan duk suka gudu.

Ya daɗe yana juya shi. Ya ce, "Wa yay yi wanga?"

Na ce ɗiyar Juli.

"Yaushe?"

Jiya.

Ya sa babban yatsa kan guntun ƙahon. Ya dube ni, karo na farko a duniya, ya ce, "Kin kyauta, Surayya." Ya san sunana. Na dawo gida ban taka ƙasa ba.

Laraba, 4 ga Yuli

Innalillahi.

Muna tsakiyar ƙirga suka shigo aji, su bakwai, da bindigogin toka da adduna, layu har wuya. Makau ne gaba, san yumɓu a hannunsa. Halilu na bayansa.

Ashe Ɗan Goshi na gaske ya karya ƙahon hagu a turke, kwana biyu kafin a sace shi. Daga 'yan gidan babu wanda ya sani. Juli kuma da ƙaho biyu ya maido shi tun farkon ruwa. Makau ya ce to ina yarinya ta ga sa mai ƙaho guda, in ba a hannun ɓarayi ba? In ba a rugarsu aka kwana da shi ba?

Ya ɗaga Kumbo da hannu ɗaya. "Ina kig gane shi? Hwaɗi." Hausar ta ɓace mata, sai Fillanci take yi tana kuka. Ya ce kun ji, har ta fara ɓoyo.

Yaya ta shiga tsakani. Ta ce, "Makau, ni na ɗora shi bisa taga, ƙaho biyu gare shi. Aje ɗiyar mutane." Ya mare ta da bayan hannu, kanta ya bugi allo. Ɗaya ya bi taga da gindin bindiga ya farfashe duk abin da yara suka gina. Suka tattake haruffan. Wani yaro ya saki fitsari.

Ina tsaye jikin bango. Guntun na bakin zanena, ina jin sa yana taɓa cinyata. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Sun tafi ruga, ba su iske Juli ba, yana daji da shanu. Sun ƙone bukka biyu, suka bar saƙo: ya zo da ƙafarsa ko su dawo.

Alhamis, 5 ga Yuli

Kunnen Yaya na zubar da ruwa, ba ta ji da shi.

Na kwance bakin zane na nuna ma Inna guntun ƙahon. Ta zauna bisa turmi. Ta ce, "Ke kid ɗauka? Ke kik kai mai, har ƙohwar gida?" Na ce i. Ta ce in na faɗa, gari zai ce ɗiyarta na bin maza da kyauta, Makau kuma zai ce gidanmu na kare ɓarayi, ga Babanmu ba shi da ƙarfi. "Ki yi kurum. Juli mai gaskiya na, kowa ya san shi, dattawa ba su barin a taɓa shi." Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Yaya ta ce in na kasa gaban Makau, in sami Halilu shi kaɗai. Sau biyu na kai bakin lungunsu. Na farko yana cikin mutane. Na biyu shi kaɗai ne, na tsaya ina neman kalmar fari har ya hau babur.

Gobe. Da sassafe.

Juma'a, 6 ga Yuli

Juli ya zo da ƙafarsa. Da hantsi, da malafa da sanda da farar rigarsa ta masallaci, ya ce ya zo a yi magana gaban mai gari. Ba su bari ya kai ba. A filin makaranta suka tare shi, suka ɗaure shi jikin sandar tuta.

Na ji ihu na fito ba takalmi. Duk gari na nan. Suna dukansa da gora, a gwiwa, a haƙarƙari, Makau na tambaya ina shanun, wa ke kawo ma ɓarayi labari. Shi kuma abu ɗaya yake maimaitawa: shekara tara yana kiwon san Namadi, ko kaska bai bari ta kwana jikinsa ba. Haƙoransa biyu na ƙasa cikin jini. Liman ya yi magana, aka ture shi. Dattawan da Inna ta dogara da su suna tsaye hannu a baya.

Na kutsa. Ban san yadda na yi ba. Na kai wajen Halilu na ja hannun rigarsa, na buɗe tafina. Na ce ni na karya, wajen kawo maka, ga guntun. Ya dubi tafina. Ya dube ni. Hayaniya ta yi yawa, na ce ko bai ji ba, na sake faɗa. Ya ce, "Tahi gida." Wata mata ta fizge ni baya, guntun ya faɗi, ƙafafu suka bi ta kai.

Makau ya miƙa ma Halilu adda, ya ce hannun ubanka ne.

Ban rufe ido ba. Na so in rufe.

Bayan an sauko Juma'a aka kwance gawar Juli.

Lahadi, 8 ga Yuli

Rugar ta tashi. Babu kowa, sai turaku da toka. Ba wanda ya san inda suka yi da Kumbo.

Inna ta kawo mini fura da nono, na tambaye ta nonon shanun wa ne, tunda ruga ta tashi. Ta fita da ita.

Talata, 17 ga Yuli

An ga Ɗan Goshi. Wani mai fataucin shanu ya ce ya gan shi cikin garken da aka bi da shi ta dajin Bukkuyum tun washegarin satar, bai ko kusanci rugar Juli ba. Mutane sun ji, kowa ya ce Allah ya kyauta, aka koma noma.

Asabar, 28 ga Yuli

Ɓarayin sun dawo da azahar, babura ba su ƙirguwa. Ba su nemi shanu ba. Gona-gona suka bi. Mun kwanta cikin gero ni da Yaya da Inna, ina jin harsashi na yanke ganye bisa kanmu. Mutum goma sha ɗaya. Mijin Hamida na ciki, watansu huɗu da aure. Makau ba ya ciki, yana Anka. Wai suna harbi suna kiran sunan Juli, mutanen da ko gaisawa bai taɓa yi da su ba.

Na taya wankan gawar mace ɗaya. Har aka gama ban ji komai ba, abin ya ba ni tsoro.

Laraba, 12 ga Satumba

Halilu ya yi sallama da ni bayan la'asar. Ƙofar gidanmu, da sabuwar hula. Inna har ta ɗauko mini turare.

Na fita ba turaren. Ya fara gaisuwa, ya damina, ya jikin Malama. Na ce masa ƙaho biyu Kumbo ta yi, ni na karya ɗaya, ni na murje shi da yawuna. Na faɗa da ƙarfi, masu zama kan dakalin maƙwabta suka juyo.

Ya gyara hularsa. Can ya ce, "Na jiya tun rannan."

Na ce ka ji?

"Na ji. Na ga guntun. Amma an riga an tara mutane, Surayya. Mi kika so in ce musu?"

Wata biyu ina gaya ma kaina hayaniya ce ta hana shi ji.

Ya ce abin da ya wuce ya wuce, shi da alheri ya zo. Na shiga na sa sakata da rana tsaka. Inna ta ɗauke turaren.

Litinin, 15 ga Oktoba

Yaya ba ta iya aji yanzu, surutu na sa mata jiri, ni ke riƙe da shi. Yara sun koma ashirin da shida. An fara yankan gero, na sa kowa ya zo da kara, muka ɓare, muka yi tabarau da gadaje da motoci, muka ƙirga gaɓoɓi. Maza biyar suka haɗa bindiga. Na karɓe na ce a mai da su tsani. Ba wanda ya yi musu.

Hedimasta ya leƙo ya ce an jiyo ni har aji shida, in rage. Ya duba rajista, ya ce wannan ta ashirin da uku, ɗiyar Juli, ai ba ta dawowa, in ja layi a kai, kuma in bar kiranta kowace safiya, yara na tsarguwa, akwai 'ya'yan wasu a ciki.

Na ce to.

Talata, 16 ga Oktoba

Na sake kira. Ba wani abu ba ne, baki ne ya saba. Na tsaya kaɗan kamar yadda ake tsayawa a jira amsa, ɗiyar Makau na kallona, ni ma na kalle ta, sannan na wuce na ashirin da huɗu.

Biron bai da kyau, shi ya sa ban ja layin ba.