Tiyon Birki Mai Saƙa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Birkin gaba ya ƙi a gangaren fadama, tsakanin Geza da Bagudo. Ina ɗauke da Inna za mu asibiti awon hawan jini. Na matsa, hannun birkin ya tafi har ya taɓa yatsuna, kamar na matsa tuwo. Da na baya da ƙafa na tsai da mu cikin ciyawa. Ba mu faɗi ba. Inna ta sauka, ta gyara mayafi, ta ce, "Haliru, ni da wanga ƙarhe mun yi sallama." A ƙasa ta koma gida. Ba awo, ba magani.

Talata, 5 ga Nuwamba
Matthias mai kayan mashin a kasuwar Bagudo ya duba. Tiyon roba ne ya tsage, man birki ya tsiyaye. Na kanti ba zai kai ba, don na ɗaga kan mashin saboda buhun da nake ɗorawa a tanki. Ya nuna min wani a waya, mai saƙar ƙarfe a jikinsa. Ba ya kumbura, ƙaya ba ta huda shi. Wai a can Benin wani mai haɗa tiyon tarakta ke yanka shi daidai awon mutum. Ya ce, "Auna da kyau, abokina. Ba wando ba ne da tela zai ƙara."

Shi na zaɓa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Yero abokina zai tsallaka zuwa Segbana a can Benin, ya same ni a injin casa yana gaggawa. Na yanko igiya na auna daga hannun birki zuwa farantin tayar gaba, na ƙulla. Na haɗa masa da tsohon tiyon don a ga kawunan, na sama miƙaƙƙe, na ƙasa mai lanƙwasa. Aiki dai da birkin baya nake yi, a hankali.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Kan Inna na ciwo. Ba za ta hau mashin ɗin kowa ba, mota kuma ba ta shigowa wajenmu sai hanya ta bushe.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Yero ya kawo tiyon. Yana ƙyalli kamar munduwa. Na ɗora cikin mashin kan turmi, tayar gaba ta yi lilo, na ɗaura. Da na karya kai hagu sai tiyon ya miƙe ƙam, kamar tsarkiyar baka. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Ranar da na auna akwai buhun shinkafa shanshera a tanki, gaban mashin ya yi ƙasa. Yanzu ba kaya, ya miƙe, ya ci tsawon.

Yero ya ce, "Kai, bar shi haka! Yaushe kaka tahiya ba kaya?" Na ce ranar asibiti. Rami ɗaya ya isa ya fizge shi. Na sake aunawa a kan turmi, kai hagu, kai dama, na ƙara faɗin tafi, na sake ba Yero awon. Matthias ya yi dariya har da hawaye, amma ya karɓi gajeren, akwai mai so.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Shiru. Yero bai dawo ba. Inna ta wuni kwance.

Talata, 26 ga Nuwamba
Tiyo na biyu ya iso, ya yi daidai. Sabuwar wosha ta jan ƙarfe sama da ƙasa, na bi da shi bayan fitila inda ba zai goga ba. Saura fitar da iska, aikin mutum biyu, gida kuma ba kowa sai Inna tana saƙar tabarma a inuwa. Ban roƙe ta ba. Ita ta taso ta shafa tiyon da babban yatsa, ta ce, "Wanda ya yi wagga saƙa bai yi ha'inci ba."

Na ce ko za ta matsa min hannun birki. Ta matsa, in buɗe noti, kumfa ta fito, in rufe, ta saki. Muka yi ta yi. Can ta ce, "Ya ƙi tahiya." Na ce haka ake so. Ta sake matsawa da hannu biyu, ta koma wajen tabarmarta.

Laraba, 27 ga Nuwamba
Na zaga gari. Ba ɗigo. Sai da na dawo na lura ban taɓa birkin gaba ba ko sau ɗaya. Sabo ne kawai.

Litinin, 2 ga Disamba
Da safe na tarar da Inna tsaye jikin mashin da katin asibiti. "Mi kaka jira?"

A gangaren nan shanu suka fito daga ciyawa. Na taka birkin baya kawai. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Matsa, ni na ɗaura shi." Na matsa. Muka tsaya cak, har shanun suka wuce.

Jinin ya hau, sun ba ta magani. Da muka dawo ban sauke ƙafa a gangaren ba. Wataƙila hanyar ce ta bushe.