Na Saka Na'urar Cikin Samira, Hajiya Ba Ta Ji Ƙarshen Maganarsa Ba

Assalamu alaikum. Anti, don girman Allah ki ɓoye sunana, ku kuma masu karatu ku sassauta min, zuciyata ta riga ku yanke min hukunci.

A Gwammaja muke, tsohon gidan ƙasa mai kaurin bango, ni da mahaifiyarmu Hajiya. Da za a fitar da yayana waje aikin zuciya, sai ya sa aka haɗa mana intanet don Hajiya ta riƙa ganinsa a bidiyo. Mai haɗawar ya ce gudunta ko fim ba ya tsayawa. Ya ɗora na'urar a tagar bene, ya ce, "A bar ta nan." Ni kuwa da shegen son gyara, na ga ƙura na hawanta, waya na reto, 'yan dubiya na shigowa. Na kwaso ta na kawo ɗakin Hajiya, na saka cikin babbar samira a kabad, na rufe. Maƙwabta suka roƙi lambar sirri, ina zan iya hana su? Kara ta sa na ba kowa.

Tun daga nan abu ya koma rarrafe. Muka yi ta zagin kamfani, wallahi har da ni, na fi kowa ma baki.

Ranar da za a shiga da yayan nawa tiyata ya kira. Fuskarsa ta daskare a waya, murya na yankewa. Hajiya na cewa, "Babangida, ina jin ka, ɗaga murya!" Abin da ya fito kawai shi ne, "Hajiya, ki…" Sai ɗif. Kafin layi ya dawo an wuce da shi. Bai farka ba.

Ranar sadakar uku aka buƙaci samirar, na ciro na'urar na mayar taga. Innalillahi! Nan take komai ya kama gudu. Daga baya na bincika, ashe gudun da kamfani ke faɗa na sarari ne. Bangon ƙasa, ƙarfe da yawan masu ja duk cinye shi suke yi. Duka ukun ni na haɗa da hannuna.

Yanzu Hajiya ba ta da zance sai, "Ki me? Ki yafe min? Ki riƙe min yarana? Me yaron nan ya so faɗa?" Kullum bayan salla sai ta ɗaga hannu: "Allah Ya isa tsakanina da wanda ya hana ni jin ɗana." Sai ta waigo, tana jiran amin ɗina.

Kuma ina cewa amin, Anti. Ina faɗa, in shiga bayi in yi kuka.

In na gaya mata, ɗa ya tafi, 'yar da ta rage kuma da wane ido za ta kalle ta? In na yi shiru, gobe ma da bakina zan amsa. Me zan yi?