Ki Ƙirga Yatsun, Zuliha

Assalamu alaikum ya Zuliha, sanyin idona, ruwan kanal da sassafe kafin shanu su taka shi! Ya balbelar da ta sauka a gonar zuciyata ta ƙi tashi, ya ƙamshin ƙasa ranar da aka sako ruwan fari! Ina gaishe ki gaisuwar wanda yau kwana huɗu tuwo ba ya wuce masa wuya.

Saƙonki ya iso. Wai Baba Malam ya ce kada magabatana su zo ran Juma'a, shi ba zai ba ɗan fim 'yarsa ba. Ɗan fim! Ni Musbahu, da ko gaban kyamara da bayanta ban rabe ba?

Tsaya ki ji yadda aka yi. Masu fim ne suka zo Kadawa ɗaukar waƙa, wai gonakinmu kore shar kamar ƙasar waje. Daraktan ya hango ni da kwandon tumatir a ka, ya ce in gifta ta bayansu. Na gifta. Ya ce in sake, in daina washe baki. Sau tara ina giftawa har wuyana ya sage. Wani ya ɗauke ni hoto, suka kwashe kayansu, suka bar mana fangalin tumatir uku a tattake. Wallahi iyakar fim ɗina ke nan a duniya.

Sai ga ni ran kasuwa a bangon shagon kaset na Kura, kaina ya kai faifai girma! Ga kwat a jikina, ga bene a bayana, ga jirgi mai saukar ungulu, ga wata mota tana ci da wuta. Hannuna ɗaya da fure, ɗayan riƙe da bakin gyalen wata yarinya da ko sannu ba ta taɓa haɗa mu ba. Sun wanke min fuska na yi fari fat kamar rogon da aka fere. Mahaifiyata ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ɗan gidan wa ne.

Na hau mota har Kano, na yi ta tambaya sai da na samo mai haɗa fostar, wani Sada, a ɗaki kamar akurki, gaban kwamfuta. Ko kunya babu ya hau yi min karatu. Wai jarumin ne ya yi faɗa da mai fim ɗin ya hana a sa fuskarsa, gangar jiki kuwa an riga an ɗauka. Shi ne suka cire kan, suka yi ta gwada kawunan mutane kamar mai neman murfin tukunya, nawa ne ya zauna daidai da wuyan. Na ce to jirgin fa? Ya ce ai babu jirgi a fim ɗin, motar ma babu, benen na wani Alhaji ne a wata jarida. Wai fosta ba labari take bayarwa ba, aikinta ta tsayar da mai wucewa ta ja shi cikin shago. Wai wuta don samari, gyale don 'yan mata su kai wa tela, ƙaton kai kuma don a hango daga kan acaɓa. Har da cewa in gode, wasu suna shekara suna roƙo ko kunnensu ba a sa ba.

Ashe duk wannan kwamfutar aikin dillalan bakin titi take yi, manya jajaye a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Amma ko dillali, Zuliha, ai ba ya tsinke kan albasa ya ɗora wa tumatir!

Na kuma ji wanda ya ɓallo fostar ya kai wa Baba har zaure. Jamaluddeen, mai koyarwa a Islamiyyarku, wanda kullum yake cewa ko ƙofar shagon kaset ba ya kallo. To ya aka yi ya gan ta? Iska ce ta naɗe ta ta zura masa a aljihu? Allah ya ƙara masa tsoron Allah, ya rage masa zuwa gidanku da turare.

Haba hasken raina, ke ma kin yarda da takarda? Kin manta ranar da injin ban-ruwa ya cinye min rabin ƙaramin yatsan hagu? Kin kawo wa yayanki fura gona, maza sun tsaya cirko-cirko suna salati, ke kika yage bakin ɗankwalinki kika ɗaure min, kina kuka kina ce min sakarai. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba! Ranar na rasa rabin yatsa na same ki, kuma har gobe ina ganin ni ne da riba. Ƙyallen yana nan a akwatina, ban bari an wanke shi ba.

To ga roƙona. Ki kifa wannan takardar, a bayanta na ɗora hannuna na hagu na zagaye shi da biro. Ki ba Iyarku, ita ta san lokacin da ake yi wa Baba magana. Ya shimfiɗa fostar nan da ke zaurensa ya ƙirga. Wancan mutumin yatsunsa goma cif, sumul-sumul har da zobe, ba su taɓa gaisawa da fartanya ba. Baba malami ne, ya san shaida. In zane bai ishe shi ba, a kira ni in kawo hannun da kansa in ajiye a kan tabarma. Amma don Allah kafin Juma'a, don kawuna har ya ba da wankin babbar rigarsa.

Na yi miki alkawari, ko jirgin gaske za su ba ni ba zan sake giftawa gaban kyamara ba. Kaina dai sun ara ba da izinina ba, su je da shi. Hannu da zuciya ba su samu ba, don tun ranar injin nan suke ɗaure a ɗankwalinki.

Naki har ruwan Tiga ya ƙafe, har bayan ya ƙafe,

Musbahu, mai yatsu tara da rabi.